Libarba A Ƙugu Ba Tsaro Ba Ce

Duk wanda ke zaune a zangunan Kudu, daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabo ta Badun da ta Shagamu, ya san irin zullumin da mai neman halal yake kwana da shi. Falken goro da dillalin shanu da ɗan canji da kuɗi a jiki suke yawo, 'yan fashi kuwa sun san da haka. Shi ya sa akan ji wasu suna raɗe-raɗin cewa dabara ita ce mutum ya nemi 'yar ƙaramar bindiga, libarba ko fistol, ya soke a ƙugu, ya saki riga. Tsoron yana da dalili, amma shawarar ta ɓata ce.

Da farko dai ga abin da doka ta ce. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi kashi 3. Adaka da sauran masu ɗuri ta baki, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da lasinsu. Bindigogin farauta na zamani kuma sai Sufeto Janar. Amma libarba da fistol, doka ta sa su a jeri ɗaya da mashinga da gurneti, watau haramtattun makamai, waɗanda ba mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ɗaya ba lasin, hukuncinsa na iya zama ɗaurin shekara 10 ko fiye. Ko a 2022, da Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga don kare kai, Babban Hafsan Tsaro ya fito ya ce Gwamna ba shi da wannan iko. To, abin da ya fi ƙarfin Gwamna, ina ga ɗan ci-rani?

Na biyu, wanda ke sayar da bindiga a ɓoye ba masoyi ba ne. Mai saye bai san hannu nawa ta bi ba, bai kuma san jinin wa ke kanta ba. Ranar da aka kama shi, da wuya a tsaya a kan laifin riƙe makami. Sai a shiga neman ɗora masa fashin da bai ji ba bai gani ba, alhali fashi da makami hukuncinsa kisa ne.

Na uku, kuma mafi nauyi, baƙo ba ya jawo wa kansa shi kaɗai. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motar da ta ɗauko su. Ta'asa ce wadda ba ta da hujja ko kaɗan. Amma in har ganin adaka ya ishi ɓata-gari su yi wannan, me zai faru ranar da aka zaro fistol daga aljihun ɗan Arewa a tsakiyar kasuwa? Mai shayi da mai gyaran takalmi da ɗan acaɓa, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, su za su biya.

Saboda haka ya kamata fatake su daina ɗaukar kuɗi masu yawa a jiki, tun da ga banki. A riƙa tafiya a ayari, a guji tafiyar dare. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su san kowane baƙo da ya sauka a zango, su shirya gadi da sanin 'yan sanda da masu gari. Hukuma kuma ta sani cewa rashin samun kariya ne ke sa talaka tunanin bindiga. Wajibi ne ta tsare ran kowane ɗan ƙasa duk inda ya zaɓi zama, ta kuma hukunta masu ɗaukar doka a hannunsu.

Iyali na can gida suna jiran aike, ba labarin kurkuku ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.