Noma ya dawo Kakangi, amma wa zai kula da bayan manomi?

Tun bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga a Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, labaran da ke fitowa daga yankin sun ɗan sauya. An sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, motoci sun koma bin hanyar Kaduna, manoma da dama kuma sun koma gonakin da tsoro ya raba su da su. A yammacin masarautar, inda Kakangi da Randagi suke, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake har yanzu zaman lafiyar na bukatar lallaɓawa.

Sai dai gonar da ta shekara uku ko huɗu ba a taɓa ta ba, ta riga ta zama daji. Kafin a zuba iri sai an yi sassabe, an tumɓuke kututture, an yi huɗa. A da shanun huɗa ne ke ɗauke wa manomi rabin wannan wahala, to ga shi ɓarayin daji sun kore shanun gidaje da yawa. Abin da ya rage wa mutum shi ne garma da fartanya da ƙugunsa. Idan kaka ta yi, shi ne dai zai ciccibi buhun masara ya aza a babur, ya bi hanya mai gargada zuwa kasuwa. Matarsa kuma tana tsakanin turmi, rijiya da itace, da goyo a baya.

Shi ya sa muke ganin lokaci ya yi da za a ɗauki ciwon baya a matsayin maganar tattalin arziki da lafiyar al'umma a wannan yanki. Manomin da bayansa ya riƙe a watan Yuli ya rasa noman farko, wanda ya rasa noman farko kuwa ya san abin da rumbunsa zai faɗa masa a watan Disamba.

Me ke faruwa a cikin jiki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma adadin na iya kai wa miliyan 843 nan da 2050. Shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya. Kusan tara cikin goma na masu fama da shi, ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a nuna a ce ita ce sanadi. Yawanci tsoka ce da gaɓoɓi suka gaji ko suka gurɗe.

Akwai kuma wanda ciwonsa ba ya tsayawa a ƙugu. Yana bi ta ɗuwawu, ya gangara bayan cinya, ya sauka ƙwauri har tafin ƙafa, wani lokaci kamar jan lantarki, wani lokaci kamar tafiyar kiyashi ko mutuwar ƙafa. Wannan shi likitoci ke kira sayatika, daga sunan jijiyar da ta fi kowace tsawo da kauri a jikin ɗan Adam. Saiwoyinta na fitowa ne daga ƙasan ƙashin baya. Tsakanin gaɓoɓin ƙashin bayan akwai wani guringuntsi mai taushi da ke aikin matashi; idan ya bulluƙo ya danne saiwar jijiyar ko ya sa ta kumbura, sai a ji zafin a ƙafa, alhali tushen matsalar yana baya. Tari, atishawa ko dogon zama a kan babur kan ƙara tsananta shi.

Abin farin cikin shi ne, mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin makonni huɗu zuwa shida, wasu zuwa wata uku, ba tare da tiyata ba. Kumburin yana sauka, sau da yawa ma jiki da kansa yake shanye guringuntsin da ya bulluƙo. Kaɗan ne ke kai wa ga wuƙar likita.

Kwanciya ba ta warkar da baya

Abin da aka saba faɗa wa mai ciwon baya shi ne ya kwanta ya huta har sai ya warke. Binciken likitoci na shekaru masu yawa ya nuna akasin haka. Hutun kwana ɗaya ko biyu lokacin da ciwon ya yi tsanani ba laifi, amma kwanciyar mako biyu kan sa tsoka ta saki, gaɓoɓi su sandare, tsoron motsi ya shiga zuciya. Abin da ke taimakawa shi ne tafiya a ƙasa kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, sauya zama da tsayuwa, gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da komawa aiki mataki-mataki, a fara da mai sauƙi.

A watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan ciwon bayan da ya wuce wata uku ba tare da wata cuta a ƙarƙashinsa ba. Ta ba da shawarar wayar wa majinyaci kai, motsa jiki bisa tsari, tausa da gashi a hannun ƙwararru, da magungunan rage kumburi na ɗan lokaci. Ta kuma yi gargaɗi kan ɗaura bel ɗin ƙugu, jan ƙashin baya da na'ura, da ƙwayoyin kashe zafi masu sa maye.

A duba wannan jeri da kyau. Babu na'urar miliyoyin naira a cikinsa. Hoton MRI, wanda sai an je Kaduna ko Zariya ko Kano, ba a bukatarsa a makonnin farko idan babu alamar haɗari. Mutane da yawa da ba su taɓa jin ciwon baya ba, idan aka ɗauke su hoto sai a ga guringuntsinsu ya bulluƙo. Ma'ana, mafi yawan abin da manomin Kakangi ke bukata ana iya ba shi a asibitin mazaɓarsa, in har akwai wanda aka koya wa.

Wanda ya cike gurbin

Da yake ba a koyar ba, wasu ne suka cike gurbin. Na farko shi ne mai lasifika a ranar kasuwa, wanda kowane ciwon ƙugu a wurinsa basir ne ko sanyi, kuma kwalba ɗaya ce maganin duka. Na biyu shi ne mai kemis da ke ƙulla haɗi a leda, ƙwaya huɗu ko biyar da mai sha bai san sunansu ba. Sau da yawa akan haɗa magungunan kumburi iri biyu wuri guda, irin su diclofenac da ibuprofen, har da dexamethasone. Shan waɗannan wata da watanni, musamman da yunwa a gona, hanya ce ta gyambon ciki da lalacewar ƙoda.

Na uku, wanda ya fi ban tsoro, shi ne tiramol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramol da kodin suke sha ba bisa ƙa'ida ba. Hukumar NAFDAC ta amince ne da tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai, shi ma da takardar likita, amma mai 200 da 225 ne ke yawo a hannun matasa. Ba kowane mai shan sa ne ya fara don neman maye ba. Ɗan ƙwadago a gona ko a ramin haƙar zinare yakan fara ne don bayansa ya bar shi ya kai yamma. Ƙwayar ba ta gyara komai, tana dai rufe bakin ciwon ne, mutum ya ci gaba da ɗaukar nauyin da jikinsa ke roƙon ya ajiye. Yankin da ya san rawar da ƙwaya ta taka a ta'asar daji bai kamata ya zuba ido tana shiga gidaje ta ƙofar ciwon baya ba.

Sai kuma allura. Mutanenmu na da yaƙinin cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Amma jijiyar da muke magana a kai ta ɗuwawu take ratsawa, kuma allurar da wanda bai ƙware ba ya soka a inda bai dace ba na iya taɓa ta. Likitocin gashin ƙashi a asibitocin Arewa sun daɗe suna karɓar yaran da ƙafarsu ta saki bayan irin wannan allura. Wanda ya je neman sauƙin jijiya kada ya dawo da shanyayyar ƙafa.

Ba ma raina wanzami ko maɗori. Sun tsaya wa jama'a a lokacin da babu ma'aikacin lafiyar da zai iya kwana a ƙauye. Tausa mai sauƙi na iya rage zafi. Amma tsaga da sakiya ba sa isa inda jijiyar ta matse, taka bayan mutum da ƙafa kuwa na iya mayar da ƙaramar matsala babba.

Alamomin da ba a jira da su

Kowane gida ya kamata ya haddace waɗannan. Idan mai ciwon baya ya kasa yin fitsari, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓuce masa, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazauninsa sun mutu, ko ƙafafu biyu suka yi rauni, ko ƙafa ɗaya ta fara jan ƙasa, to a nufi babban asibiti a ranar. Jinkirin kwana biyu na iya zama naƙasar har abada.

Haka nan ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, rama, zufar dare ko doguwar tari, ko wanda ƙashin bayan ya fara yin ƙusumbi. Tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma wanda aka ce masa sanyi ne zai iya shafe shekara yana shan jiƙo har ƙafafunsa su daina ɗaukarsa. Faɗuwa daga babur ko bishiya, da ciwon baya ga mai sikila ko tsoho, su ma na likita ne.

Abin da ya kamata a yi

Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma manufarta ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya ta matakin farko mai aiki. Birnin Gwari na da 11 daga ciki, har da Kakangi. Muna kira ga Hukumar Lafiya Matakin Farko ta jihar da ta ba ma'aikatan waɗannan cibiyoyi horo na 'yan kwanaki kan abu uku: tantance alamomin haɗari, koyar da motsa jiki, da ba da maganin zafi na ɗan lokaci bisa ƙa'ida. Kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, irin wannan aiki aka yi shi domin sa.

Na biyu, ƙwararrun gashin ƙashi sun taru ne a manyan asibitoci irin su Barau Dikko a Kaduna, asibitin koyarwa na Shika da asibitin ƙashi na Dala a Kano. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kaɗai ya haura kilomita 100, tafiyar da mai ciwon jijiya ke jin kowane ramin da ke cikinta. A ƙarfafa sashen gashi a Babban Asibitin Jibril Mai Gwari, a kuma tsara wa ma'aikatansa zagayen mazaɓu a ranakun kasuwa. Jami'ar Bayero na yaye irin waɗannan ƙwararru duk shekara, kuma wasunsu na zaune ba aiki. Hukumar inshorar lafiya ta jihar, KADCHMA, ta tabbatar manomi ya san yadda zai shiga tsarin, kuma gashi na cikin abin da zai samu.

Na uku, NDLEA da NAFDAC su sa ido kan shagunan magani da 'yan tallar kasuwa. Amma kama mai sayar da tiramol ba tare da an ba mai ciwo wata mafita ba, tamkar toshe rami ɗaya ne ɓera ya huda wani.

Na huɗu, tallafin noma ya wuce taki da iri. Tarakta ta haya, shanun huɗa bisa rance, amalanke da baro, har da raba amfanin gona a ƙananan buhuna, duk rigakafin ciwon baya ne, ko da ba ma'aikatar lafiya ce ta raba su ba.

Masarautar Birnin Gwari ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubair Jibril Mai Gwari na II, da limamai da gidajen rediyo, na da rawar takawa wajen isar da saƙo guda: mai ciwon baya ya ci gaba da motsi a hankali, ya guji ƙwaya da allurar kan titi, ya kuma san alamomin da ke cewa a garzaya asibiti.

Mutanen Kakangi sun biya farashi mai tsada kafin su sake taka gonakinsu. Gwamnatin da ke alfahari da buhunan masarar da ke fitowa daga Birnin Gwari, wajibi ne ta tuna da bayan da ya ɗauko su.