Fijo Da Motocin Yau: Wacce Ta Fi Taushi?

Jama'a, kullum dattawanmu na yabon Peugeot 504, wato Fijo, wadda Faransa ta fitar a 1968, aka kuma yi ta harhaɗa ta a Kaduna har 2006. Da gaskiyarsu. Sifirinta dogo ne mai laushi, tayarta mai kauri, ga tsayi daga ƙasa. Don haka takan shanye gargada kafin ta iso ƙugun fasinja.

Yawancin motocin yau kuwa an ƙarfafa sifirinsu, an rage kaurin taya, domin kada su yi tangaɗi a kwana. Sun fi kare rai idan an yi haɗari, amma rami ɗaya kan lanƙwasa ƙarfen taya.

Saboda haka, kafin mu zuba kuɗinmu, mu dubi hanyar garinmu tukuna.