Ra'ayinmu: Wa Ke Zaɓa wa 'Ya'yanmu Wasan Kwamfuta?

Hutun zangon farko yakan zo ne daidai lokacin da kaka ta kankama a wannan yanki namu. Daga Tiga zuwa Kafin Maiyaki, daga Tudun Wada har Burji da Riruwai, an yanke shinkafa, an karya masara, motocin hatsi suna ta keta Kwanar Dangora zuwa Kano da Zariya. Yaron da ya yi ƙwadago a gonar wani ya riƙe kuɗin guminsa, uban da ya kai amfani kasuwa ya sami sararin cika alkawarin da ya ɗauka tun damina. Abin da ɗalibanmu na sakandare da yawa za su nema da wannan kuɗi ba ɓoyayye ba ne ga kowane malami: babbar waya, ko da ta hannu ce. Kafin ta kwana ɗaya a gida kuwa an cika ta da wasanni. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, saboda haka muka ga ya dace mu yi wannan magana yanzu, tun kuɗin bai bar aljihu ba.

Ba ma cikin masu cewa a haramta wa yara wasa. Mun yi langa, 'yan'uwanmu mata sun yi carafke, dattawanmu har gobe suna buga dara a gindin bishiya, ba a kuma ce sun lalace ba. Sai dai langa a dandali ake yin ta, a gaban idon manya, kuma dare na yi kowa ya watse. Babu wanda ya zauna a wata ƙasa ya tsara langa domin ya ci riba da daɗewar yaro a cikinta. Wasan kwamfuta haja ce, tana da mai ita, tana da farashi, tana da wanda aka yi ta dominsa. Abin da ya dame mu shi ne, a gidaje da yawa, wannan ce haja guda da ke shiga hannun yaro ba tare da uba ko uwa sun taya, sun duba, ko sun ji sunanta ba.

To wa ke zaɓa? Mafi yawan lokaci mai shagon caji da tura fina-finai ne, ko abokin da ya tura ta Xender a bayan aji. Ba zarginsu muke yi ba. Sana'a suke, abin da ake tambaya suke bayarwa. Amma akwai abin da ke ɓacewa a wannan hanya. Duk wasan da ke rumbun Google Play yana ɗauke da alamar shekarun da aka yi shi dominsu: 3, 7, 12, 16 ko 18. Kwalayen wasannin PlayStation ma haka suke, da hatimin PEGI na ƙasashen Turai, wanda aka fara a 2003, ko na ESRB na Amurka, wanda ya girme shi da shekara tara. Idan aka tura wasa daga waya zuwa waya, ko aka zuba shi a memori, alamar ba ta biyo shi. Ta haka ɗan aji huɗu na firamare yake zama gwanin GTA, wasan da ginshiƙinsa fashin mota ne da harbi da gidajen holewa, wanda masu tantancewa suka rubuta masa 18 ƙuru-ƙuru. Mortal Kombat, da ake layi a kansa a gidajen gem, lambarsa ke nan shi ma. Turawan da suka ƙera su ba su ce a ba ƙananan yaransu ba. Mu ne ba mu karanta ba.

Batun saye ya fi wannan sarƙaƙiya. Sabon babban wasa na PlayStation 5 yakan kai dala 70, wato fiye da naira 71,000 da Gwamnatin Kano ta amince da shi a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Oktoba na 2024. Babu malamin da zai yi wannan ciniki, ba ma kuma ba kowa shawarar ya yi. Abin da ya rage wa yaranmu hanya biyu ce: kwafin da aka fasa, ko wasan da aka ce kyauta ne. Na farko yana da haɗarinsa, domin wanda ya fasa manhaja yana iya cusa abin da ya ga dama a ciki, kuma wayar da ake saka ta sau da yawa ita ce ta uwa ko ta uba, wadda manhajar banki ke kai, wadda saƙon albashi ke shigowa. Amma na biyun muka fi so a tsaya a kansa, saboda shi ya fi kama da alheri.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya zuba dukiya ya ƙera Free Fire ko PUBG Mobile ko eFootball, ya kuma ce kowa ya sauke ba ko sisi, ba sadaka yake ba. Shiga ce kyauta. Da zarar yaro ya shiga, sai ya tarar akwai kuɗin cikin wasa, a nan a kira shi daimon, a can a kira shi UC ko koyin, wanda sai da naira ta gaske ake sayensa. Da shi ake sayen tufafi da makamai masu ado da manyan 'yan ƙwallo. Wanda bai saya ba yana iya wasa, amma abokai na ganinsa da rigar da kowa ke da ita, kuma duk wanda ya koyar da ɗan shekara 14 ya san abin da dariyar tsara ke iya sa shi ya aikata. An canja wa naira suna ne da gangan: yaro ba ya jin zafin kashe daimon 100 yadda zai ji idan ya ƙirga takardun kuɗi ya miƙa da hannunsa. Sannan ga ladan shiga kullum, wanda ke tsinkewa idan aka tsallake rana guda, ga garaɓasar da agogo ke ƙirga mata sa'o'i. Duk dabarun 'yan kasuwa ne, sai dai a nan mai sayen yaro ne, shagon kuma yana ƙarƙashin matashin kansa.

Mafi muni a cikinsu shi ne abin da za mu kira akwatin sa'a. Ka biya kuɗi, a buɗe maka ƙunshi, ba ka san abin da ke ciki ba sai ya buɗe: wataƙila shahararren ɗan wasa, galibi kuwa tarkace. Sai ka sake biya. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta binciki wasu wasanni, ciki har da FIFA 18, ta yanke cewa irin wannan akwati caca ce a dokarsu. A farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan a can. Abin lura shi ne, FIFA ya shafe shekaru yana ɗauke da lamba 3, domin babu jini ko batsa a cikinsa. Ke nan alamar shekaru kaɗai ba ta wadatar ba, sai an duba ko an rubuta cewa akwai saye-saye a ciki. A Amurka kuma, a watan Disamba na 2022, kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520, bayan hukumar kasuwanci ta ƙasar ta tuhume shi da tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, da kuma tsara madannai yadda mutum zai sayi abin da bai yi niyya ba. Dala miliyan 245 daga ciki mayar wa waɗanda aka cuta za a yi. Uwar da aka kwashe wa kuɗin adashi a Kiru ba ta da wanda zai mayar mata.

A nan kuɗin ba ya fita da sallama. Yana fita ne a katin waya da aka saka da safe ya ƙare kafin azahar, saboda an danna wani talla an shiga rajistar wasan da ke cira kullum. Yana fita a data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Yana fita a kuɗin tara da yaro ya hana cikinsa, ya kai wa mai POS a tura wa wani dillalin daimon da bai taɓa gani ba. Wanda ya ga katinsa na zurarewa ya kira kamfanin layinsa ya sa a cire rajistar. Idan ba a saurare shi ba, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622, kuma kiranta kyauta ne.

Daga akwatin sa'a zuwa teburin caca taku ɗaya ne, kuma Kano ta ga misalinsa. A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30 a cikin birni, mataimakin kwamandanta, Mujahid Aminuddeen, ya kuma bayyana cewa izinin buɗe gidajen wasan bidiyo masu su suka karɓa, daga baya suka juya su zuwa caca. Wata guda bayan haka Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Rufe shago abu ne mai kyau, amma cacar ta riga ta koma waya, har da ƙwallon da kwamfuta ke bugawa da kanta, wanda ke ƙarewa cikin 'yan mintuna a sake wani. A idon yaro, wannan da wasan da ya saba duk launi ɗaya ne. Mambobinmu, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, ba su da saɓani a kan caca. Abin da ya rage shi ne mu gane ta idan ta zo sanye da rigar wasa. Muna kira ga masu gidajen gem na garuruwanmu, waɗanda da yawansu tsofaffin ɗalibanmu ne masu neman halal, da kada su bar a ɗora kuɗi a kan wasa a rumfunansu, kada kuma su karɓi yaro mai kayan makaranta a lokacin karatu.

Game da yin wasan kansa, akwai abu guda da zai rage rigima a gidaje idan iyaye suka san shi. Wasan da ba ya bukatar intanet ana iya tsayar da shi a dawo. Wanda ake yi da wasu mutane ta intanet ba ya tsayuwa. Zagaye ɗaya na Free Fire, mai mutum 50, yakan ɗauki kamar minti goma. Na PUBG, mai mutum 100, yakan kai rabin sa'a. Yaron da aka ce ya ajiye nan take ya san zai bar abokan tafiyarsa a fagen daga, makinsa kuma ya faɗi, shi ya sa yake cewa "ina zuwa" har a idar da salla. Gara a yi masa iyaka da yawan zagaye, a kuma hana shi fara sabo idan lokacin salla ko aike ko abinci ya gabato. Mu a aji, barci muke gani. Ɗalibin da ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana harbi ba ya jin darasin farko, ko da wa ke koyarwa. Wayar da ta kwana a ɗakin iyaye ta magance rabin wannan matsala.

Kada kuma mu yi saurin yanke wa yaro hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma galibi a shafe wata 12 a haka. Ita kanta hukumar ta ce kaɗan ne daga masu wasa ke kaiwa nan. Ƙasar Sin ta ɗauki tsauri a 2021, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a ɗaya a daren Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ba mu da gwamnatin da za ta kashe wa yaranmu wasa daga nesa, don haka aikin ya dawo tsakar gida.

Idan za a zaɓa, mun fi son wasan da ke aiki ba intanet, wanda ke da ƙarshe, wanda ba ya roƙon kuɗi bayan an shiga, wanda kuma ba ya haɗa yaro hira da baƙon da ba a san ko wane ne ba; wannan na ƙarshe ya fi shafar 'yan mata masu aron wayar iyayensu. Wasan ces da na haɗa kalmomi da na gine-gine irin Minecraft sun fi kusa da wannan. Ba ƙaramin abu ba ne: ɗan Nijeriya Wellington Jighere ne ya ci gasar Scrabble ta duniya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Sai dai ba mu yarda da masu cewa wasan waya na koya wa yaro kwamfuta ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma muna ganin gwanayen shafa waya suna daburcewa a gaban allon madannai. Abin da zai taimake su shi ne su zauna gaban kwamfuta ta gaske. Akwai manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce ta haƙiƙa, tana aiki ba intanet, yaro yana ƙera nasa wasan da ita maimakon ya yi na wani. Kwamfuta biyar da sola a makaranta sun isa a fara. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Muna fatan rabon makarantun Doguwa da Bebeji a cikinta ya haɗa da wannan, ba ya tsaya a makarantun cikin birni ba.

Ga mambobinmu kuwa, wayar da aka kama a aji amana ce, kuma sau da yawa ta uwar yaron ce. Ba a fasa ta, ba a riƙe ta har abada. A rubuta ta a ofishin shugaban makaranta, a kira mai ita ya zo ya karɓa, a yi amfani da zuwan nasa a buɗe wayar tare a ga abin da ke ciki. Muna kuma roƙon kowane shugaban makaranta ya ware minti 20 a taron iyaye da malamai na farkon zango mai zuwa, a sami malami ɗaya da ya iya waya ya nuna wa iyaye a aikace inda alamar shekaru take, yadda ake sa Google Play ya nemi lambar sirri kafin kowane saye, da yadda manhajar Family Link ke ƙayyade lokaci. A ce wa iyaye su zo da wayoyinsu. Iyaye mata da ba sa halartar taron, a tura musu malama har makarantar Islamiyya ko taron zumuntar mata.