Malfar Kaboyi da Tsohon Majayi: Abin da Ya Kamata Mahayan Zazzau Su Damu da Shi

Duk ranar da samari suka fito kilisa ko rakiyar ango a birnin Zazzau, ba a rasa ɗaya ko biyu da suka kifa malfar kaboyi, mai lanƙwasasshen gefe da lotsattsen tsakiya, irin ta finafinan Amurka. Ba a kuma rasa dattijon da zai girgiza kai a bakin zaure ya ce an ɓata hawa. Dattijon yana da hujja, amma ya dubi inda ba nan ciwon yake ba. Da ya sauke idonsa daga kan yaron zuwa cikin dokin, ya ga majayin da ke riƙe da sirdi, da ya sami abin da ya fi cancantar faɗa.

Malfa dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin John Stetson ya fara ɗinka tasa a Filadelfiya a 1865, yana kwaikwayon manyan hulunan makiyayan Meziko, mahayin Hausa da makiyayin Fulani suna da tasu ta kaba, wadda baduku ke yi wa baki da tuntu da igiya na jar fata. Buƙata ɗaya ce ta haifi duka biyun: mutumin da zai wuni a kan dabba cikin rana yana son inuwar da za ta bi shi. Bambancin yana wajen sawa. Ta kaboyi ita kaɗai ake kifawa, ita ce hular. Ta Bahaushe kuwa bisa rawani ko hula take zama, idan rana ta yi sanyi a tura ta baya, igiyarta ta riƙe ta a wuya. Saboda haka yaron da ya ɗora ta Amurka a kan babbar riga bai yi saɓo ba. Ya dai zaɓi wadda ba ta san zama da rawani ba, kuma ranar hawan Salla shi da kansa zai ajiye ta. Kwalliya ce ta wuni guda, iska ma tana iya raba shi da ita.

Fata kuwa ba haka take ba. Daga filin idi na Ƙofar Doka zuwa ƙofar fada, da Hawan Bariki, da Hawan Daushe, duk abin da ke tsakanin mahayi da ƙasa fata ce: majayi, maɗaurin likkafa, igiyar linzami. Lokacin jafi, sa'ad da mahaya suka sako dawakai a guje suka ja linzami gaban Sarki, nauyin mutum da ƙarfin doki kan waɗannan 'yan tsirarun igiyoyi suke sauka a lokaci guda. Idan ɗaya ta tsinke, ba mahayin kaɗai ke cikin hatsari ba. Akwai na bayansa, akwai yaran da suka yi cincirindo a gefen hanya.

Lissafin kalanda ma ba ya taimakon wannan fata. Tsakanin ƙaramar Salla da babba wata biyu ne da 'yan kwanaki, amma daga babbar Salla zuwa ƙaramar da ke biye kusan wata goma ne. A 'yan shekarun nan babbar Salla tana faɗowa ne a farkon damina, kamar ta 2025 da aka yi a watan Yuni. Ma'ana, kayan da aka kwance da gumin doki a jikinsu za su kwana cikin ɗaki damina guda cur, laima ta shige su, fumfuna ta hau. Sannan hunturu ya zo ya tsotse ɗan man da ya rage, fatar ta ƙandare. A gidaje da yawa ba a sake waiwayarsu sai ana jajibiri. Nan ne za a ga yaron barga ya ɗauko baƙin mai na inji ko man goge takalmi yana laftawa, fata ta yi ƙyalli, kowa ya ce ta gyaru. Ba ta gyaru ba. Man takalmi a sama yake tsayawa ya rufe tsagar da ya kamata a gani, baƙin mai kuma yana sassauta jikin fatar, ya ɓata jalala da rigar mai hawa.

Abin takaicin shi ne ilimin yin daidai yana nan cikin birni, a hannun majema da dukawa. Fatar da aka jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi, da mai aka gama ta tun farko, kuma mai take nema duk tsawon rayuwarta. Ranar da aka sauka daga hawa ake fara aikin, ba ranar da za a hau ba. A goge gumi da ƙura da ɗanyen tsumma, domin gishirin gumi yana cin fata. A shanya a inuwa, kada rana ta gani. Idan ta sha iska, a narkar da ɗan man kaɗanya ko man shanu a tafin hannu a murza kaɗan-kaɗan, a bari ya kwana, gobe a duba ko tana son ƙari. Yawan mai ma illa ne: yana sa igiya ta saki ta riƙa miƙewa, yana kuma gayyato ɓera. Sai a rataye a inda iska ke ratsawa, ba a ƙasa ba, ba kuma cikin leda ba, wadda ke tsare laima. A sake dubawa tsakiyar damina, a sake da shigowar hunturu. Ita ma malfar kaba haka take so: rataya, da ɗan yayyafin ruwa idan iska ta bushe, da shafa mai a fatar bakinta.

Akwai kuma inda masu ƙaunar kayan gado ke wuce gona da iri, kuma gara a faɗa musu gaskiya. Ba kowace tsohuwar fata ce mai ke farfaɗowa ba. Idan aka lanƙwasa igiya aka ga ta buɗe baki, ko aka murza ta bar jan gari a yatsa, ta mutu, ko da kuwa kakan kaka ne ya hau da ita zamanin Sarki Ja'afaru. Irin wannan, a rataye ta a zaure don tarihi. Layun doki da kayan kai da adon sirdi suna iya shekara da shekaru ana gyara su, domin ba su ɗauke da ran kowa. Majayi da maɗaurin likkafa kuwa a kai wa baduku ya yanko sababbi, ya mayar da tsofaffin ƙarafa da adon a kansu. Wannan ya fi sayen na roba mai kama da fata, wanda ba ya shan mai, ba ya kuma gargaɗi: fata tana tsagewa a hankali mai lura ya gani, roba kuwa lafiya lau take har ranar da za ta ɓalle.

Za a ce duk wannan ɗawainiya ce, ga tsadar dusa da harawa ta ishi mai doki. Gaskiya ne. Sai dai kwalbar man kaɗanya ba ta kai kuɗin sabon linzami ba, balle na ɗaurin karaya. Kuma kowane majayin da aka kai gyara aiki ne ga badukun da ke tunanin barin sana'ar ubansa ya koma kabu-kabu. A Samaru, 'yar tafiya kaɗan daga ganuwa, akwai cibiyar binciken fata ta gwamnatin tarayya, NILEST. Da ita da masu kula da bargar fada za su haɗu da dukawan birni su ware yini guda, makonni kafin azumi, kowane gida ya fito da kayan dokinsa a duba, da samarin nan masu malfar kaboyi ne za su fara cika wurin, don su ne suka fi kowa hawa.