Kashe fsync cin amana ne

Wanda ya kafa wa asibiti ko bankin ƙananan 'yan kasuwa rumbun bayanai, ya kashe fsync don a ga abin yana gudu ranar miƙa aiki, ya ci amanar mutanen da suka biya shi. Ba zan sassauta kalmar ba.

Idan ma'aji ya shigar da kuɗi, manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL tana fara rubuta maganar a kundinta na WAL, sannan ta kira fsync, wato ta tsaya har faifai ya tabbatar mata rubutun ya zauna. Wannan jiran shi ne ake cirewa da sunan sauri. Daga nan rubutun yana rataye a ƙwaƙwalwar wucin gadi, allon yana cewa an kammala. A ɗauke wuta, janareta bai kama ba, batirin UPS ya mutu tun bara, sai kuɗin wata baiwar Allah ya ɓace, rasit yana hannunta. Wani lokaci ma rumbun kansa ne ke lalacewa. A ƙasar nan, inda a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako babu lantarki, wa zai ce bai san haka na iya faruwa ba?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wajen saye. A zuba miliyoyi a sabar, a cusa mata SSD irin na kwamfutar tafi-da-gidanka. Faifan da aka ƙera don wannan aiki yana da 'yan ma'ajin caji a ciki, waɗanda ke ba shi damar ƙarasa rubutu bayan wuta ta tafi, shi ya sa yake amsa fsync nan take ba tare da ƙarya ba. Kuɗinsa ya fi, to sai me?

Sai kuma gardamar tsarin ajiye fayil a faifai, ext4 ko XFS, kamar musun ƙwallo. Dukansu suna riƙe rumbun bayanai lafiya, Red Hat ma XFS ta ɗauka tun 2014. Amma ba ɗayansu da ke binciken ainihin abin da ka adana ko ya gurɓace. ZFS ke yin haka, ko kuma a kunna alamar tantancewa ta PostgreSQL, wadda take nan tun 2013 amma aka daɗe ana tsallake ta.

Shugabannin ma'aikatu, kada ku sa hannu a takardar biya sai an zare wa sabar filogi a gabanku tana tsakiyar rubutu, a kunna, a ƙirga abin da ya saura. Ɗan kwangilar da ya ƙi, ku riƙe kuɗinku.