Ƙiba da zuciyar ɗaliban jami'a a jihar Katsina

A Mairuwa da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, mutane da dama kan ɗauki ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata.

Sai dai matashin da ya bar aikin gona ya tafi jami'a a Katsina ko Dutsin-Ma ko Zariya, yakan koma yawan zama da cin soye-soye da shan lemon kwalba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da matsananciyar ƙiba.

Haɗarin shi ne ƙiba kan jawo hawan jini, wanda kan shafe shekaru yana gajiyar da zuciya ba tare da wata alama ba.

A 2022 Najeriya ta fara karɓar harajin naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi, amma haraji kaɗai ba zai gyara cimar ɗalibin da aljihu ke zaɓa wa abinci ba.

Hukumar dai na ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, da gishirin da bai kai giram 5 ba a rana.