Waiwaye: Abin da Manoman Sifaniya Suka Koya Game da Saiwar Dashe

A shekarar 1992 ƙungiyar ƙasashen Turai ta fitar da doka mai lamba 2080, wadda ta tanadi biyan manoma kuɗi idan suka mayar da gonakinsu daji. Sifaniya ta rungumi shirin hannu bibbiyu, aka dasa itatuwa a ɗaruruwan dubban hekta. Cikin waɗanda aka fi dasawa har da itacen oak iri biyu: wanda suke kira encina, da dabbobi ke kiwo da 'ya'yansa, da wanda ake yin murfin kwalba da ɓawonsa.

Ba a jima ba murna ta ragu. Bazarar yankin Bahar Rum doguwa ce, watanni ba ɗigon ruwa, kuma a gonaki da yawa dashen bai tsallake ta farko ba. An ɗora laifi a kan fari da taurin ƙasa da ciyawa, kuma duk suna da hannu. Amma da masana suka riƙa tono matattun tsirrai, sai suka ga wani ɓangare na matsalar tun daga gandun reno ya taso.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar oak idan ta tsaga, ba ganye take fara fitarwa ba. Uwar saiwa take turawa ƙasa a miƙe, da sauri, tana neman danshi mai zurfi, domin da shi itacen zai rayu lokacin da saman ƙasa ya bushe ƙamas. Idan aka shuka ta a cikin leda, ko a gajeren mazubi mai santsin ciki irin wanda aka ƙera domin wasu itatuwa dabam, saiwar kan isa gindi cikin 'yan makonni. Ta rasa hanya, sai ta shiga zagaye tana naɗewa kamar gammo. A sama kuwa tsiron ya yi kore shar, mai saye ya gani ya yaba. Bayan dashe saiwar ba ta warwarewa. Ko dai ta kasa kai wa ga danshi tsiron ya mutu, ko ya rayu shekaru a tsumbure, saiwoyin suna ƙara kauri suna shaƙe juna.

Gyaran da aka yi ba mai wuyar fahimta ba ne. Aka koma ga farantan roba masu ramuka, kowane rami da layukan tudu a tsaye a jikinsa, waɗanda ke tilasta wa saiwa ta gangara maimakon ta zagaya. Aka bar gindin a buɗe, aka ɗora farantan a kan ragar ƙarfe nesa da ƙasa. Da zarar bakin saiwa ya leƙo ya haɗu da iska sai ya bushe, tsiron ya fitar da ƙananan saiwoyi masu yawa daga ciki. An kuma ƙara girman ramin zuwa kusan mililita 300, zurfin ya kai santimita 18. Masu bincike a yankin Balensiya sun gwada mai zurfin santimita 30, suka sami dashe mai doguwar saiwa da ke saurin kai wa ga danshi. Sai dai zurfin yana da tsada: ƙarin ƙasar cikawa, ƙarin nauyi wajen ɗauka, ƙarin haƙa.

Wannan labari ya shafe mu. Gawo da bagaruwa da tsamiya duk masu doguwar saiwa ne, kuma a baƙar leda muke renonsu, sau da yawa har su wuce lokacin dashe, saiwar ta naɗe ko ta huda ledar ta kama ƙasa, a zo ɗauka a tsinke ta. Sannan rani ya cinye dashen mu ce ƙaddara.

Itacen murfin kwalba sai ya kai wajen shekara 25 kafin a fara sassaƙar ɓawonsa, amma 'yan watannin da ya yi a mazubi suna iya yanke masa hukunci. Don haka duk wanda zai sayi dashe, manomi ne ko jami'in gwamnati, kada tsayi da yawan ganye su ruɗe shi. Ya zaɓi ɗaya daga cikin tarin, ya yaga ledar, ya kakkaɓe ƙasar, ya duba. Idan saiwar a miƙe take da fararen rassa, ya biya kuɗinsa. Idan ta naɗe, ya nemi wani gandun.